"Ba Bara Na Zo Ba, Kuɗina Na Zo Cira"

Ranar wata Litinin da hantsi na raka maƙwabcina wani banki a cikin garin Kaduna. Tela ne. Cutar shan inna ta kama shi tun yana ɗan shekara uku, kuma ya fi shekara goma yana ɗinki a unguwarmu da keken ɗinki irin na juyawa da hannu. Asusunsa ne ya sami matsala, aka ce sai ya zo da kansa.

Ya kuwa zo da kansa. Matakala biyar ce a ƙofar bankin, a samanta kuma ga ƙofar nan mai kama da akwati, wadda mutum ɗaya ke shiga ta rufe. Ya ajiye kekensa na guragu a bakin titi, ya zura silifas a hannayensa biyu, ya fara jan jiki yana hawa. Yana kan ta uku wani bawan Allah ya fito, ya dube shi, ya zaro naira 200 ya ɗora masa a cinya.

Maƙwabcina ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma ba bara na zo ba. Kuɗina na zo cira."

Alhajin bai yi da mugun nufi ba, har haƙuri ya ba shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da shi da wanda ya zana ginin tunaninsu ɗaya ne. A cikinsu babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa gurgu zai zo banki a matsayin mai ajiya.

Tun ranar nake juya maganar, ga kuma inda na tsaya. Ɗan abin da gwamnati da masu hali da mu kanmu muke kashewa a kan masu buƙata ta musamman, mafi yawansa ba inda ya kamata yake tafiya ba. Muna ciyar da mutum yau, gobe mu same shi a inda muka bar shi. Kuma lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci shi ne lokacin da ya fi wajaba a daina haka, a zuba kowace naira a kan abin da zai rage wa mutum jiran wani: hanyar shiga, keke mai ƙwari, makaranta, sana'a tare da kasuwarta.

Na san a takardun gwamnati "masu buƙata ta musamman" ake cewa. Zan yi amfani da shi, amma inda ya kama in ce makaho ko gurgu ko kurma zan faɗa, don su ma da haka suke kiran ƙungiyoyinsu da sarakunansu.

"Ai babu kuɗi"

Wannan ce amsar da ake fara bayarwa, kuma ba ƙarya ba ce. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa a bainar jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, ban da kwangiloli 115 da ke kan wuyan jihar. Ya ce a cikin biliyan 10 da aka samu daga asusun tarayya a watan, biliyan 7 bashi ne ya cinye. Ko me mutum zai ce a kan rikicin siyasar da ya biyo baya, jihar da ke biyan bashin dala bayan faɗuwar naira dole ta tsuke bakin aljihu. Ga albashi, ga tsaro, ga asibitoci.

Na yarda da duk wannan. Amma matakalar bankin nan ba talauci ne ya gina ta ba. Ginin yana da tayil, yana da gilasai, janareta na ta aiki a baya. Gangaren da keke zai hau, in tun a zane aka sa shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai an gama gini an dawo fasawa yake tsada.

Dokar haramta nuna wariya ga nakasassu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Dokar ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2 ga jami'in da ya amince da zanen ginin da ya saɓa ƙa'ida. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021, har da hukumar kula da al'amuransu. Sabon gini a garin nan kuwa sai zanensa ya bi ta KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Ma'aikacin da ke duba zanen yana nan a kan kujerarsa, ana biyansa albashi. In ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga hanyar keke, ko kwabo bai ƙaru a kasafin kuɗi ba.

Haka batun aiki. Dokar 2019 ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa. In za a ɗauki malamai 1,000, aka bai wa 50 daga cikinsu masu takardun da suka dace, albashin dai shi ne albashin. Makaho mai NCE zai koyar da Hausa ko addini ko tarihi, gurgu zai riƙe rajista ya yi aikin kwamfuta. Ba a ce a ƙirƙiro musu kujera ba, an ce kada a hana su wadda ake rabawa.

A makaranta abin ya fi sauƙi. Yarinyar da ke kan keke aka kai ajinsu bene, hedimasta kaɗai zai iya cewa a sauko da ajin ƙasa. Yaron da jinsa ko ganinsa ya yi rauni a zaunar da shi a layin gaba. Na san yarinyar da ta bar makaranta a aji huɗu ba don karatu ya fi ƙarfinta ba, sai don ƙofar bayan gida ta yi wa kekenta ƙunci, ta gaji da riƙe fitsari daga safe har a tashi.

Kuɗin da ake kashewa, ina yake zuwa?

Duk wanda ke garin nan ya saba ganin rabon tallafi. Da azumi a yi, ranar 3 ga Disamba da ake bikin nakasassu na duniya a yi, in zaɓe ya gabato a ninka. A kafa rumfuna, a yi hayar kujeru da lasifika, a buga riguna, a kwaso mutane tun da sassafe su zauna jiran manyan baƙi har azahar. A ƙarshe kowa ya tafi da 'yar shinkafa da taliya da za su ƙare kafin mako. Ban raina abincin ba, mai yunwa ya san darajarsa. Amma a lissafa abin da taron kansa ya ci, a gani ko bai isa ya gyara kekuna masu yawa ba.

Ko rabon kekunan ma akwai gyara. Yawanci irin na asibiti ake kawowa, wanda aka ƙera don a tura majiyyaci a kan siminti mai santsi. Kai shi lungunan Rigasa ko Tudun Wada da damina ka gani. Ƙananan tayoyin gaba su ne farkon karyewa, kayan gyara babu, sai ka tarar da shi a bayan ɗaki an ɗora masa shanya. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da keke a ƙasashe irin namu: a auna mutum, a ba shi daidai jikinsa da irin hanyar da yake bi, a koya masa amfani da shi, a tanadi inda za a gyara. Keken da bai dace ba yana jawo gyambon zama, ga mai ciwon laka kuma wannan gyambon yana kisa.

Keken maƙwabcina mai ƙafa uku ne, na tuƙi da hannu, mai walda ne ya haɗa shi da kayan keken hawa. In sarƙa ta tsinke ko taya ta yi faci, kowane mai gyaran keke zai yi masa a bakin titi. Ga kasuwar Panteka nan cike da maƙera da masu walda, a gefen Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke da injiniyoyi. Me zai hana kuɗin da ake sayo na waje da shi a bai wa waɗannan, a haɗa su da likitocin gashin ƙashi su riƙa auna mutane, a kuma sa guragun da suka iya walda a cikin aikin? Kuɗin ya zauna a Kaduna, keken ya daɗe.

Akwai kuma wani lissafi da ba ya shiga kasafin kuɗi ko kaɗan. Idan aka ce babu kuɗin koya wa makaho tafiya da farar sanda, ba wai an huta da biya ba ne. Wani ne ke biya. Ɗan jagoran nan mai shekara tara da ke riƙe da sandar kakansa a mahaɗar titi daga safe zuwa magariba, shi ke biya, da karatunsa. Uwar da ta ajiye sana'ar ƙosai don babu wanda zai zauna da ɗanta, ita ke biya. Bayan shekara goma sha biyar gwamnatin da ta ce ba ta da kuɗi za ta tarar da saurayi ba ilimi ba sana'a, ta fara neman yadda za ta yi da shi.

"Mu muna da zumunci, wannan tunanin Turawa ne"

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini, "Ɗana, a can ne ake barin mutum shi kaɗai a ɗaki a ce ya dogara da kansa. Mu nan ɗan'uwa ba ya yar da ɗan'uwa."

Na ce, Baba, ba wanda ya ce a raba mutum da danginsa. Dogaro da kai da nake nufi shi ne mutum ya zama shi ke yanke shawarar rayuwarsa: yaushe zai fita, me zai saya da kuɗinsa, wa zai aura, wa zai zaɓa. Mai ido ma yana neman taimako kullum, amma ba a karɓe masa katin cirar kuɗi a ce za a riƙe masa. Kurmar da ta je awon ciki, in babu mai fassara maganar hannu, dole ta tafi da ƙaninta ko ɗanta ya ji sirrin da bai kamata ya ji ba. Wannan ba zumunci ba ne, tilas ce.

Sannan zumuncin kansa yana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Magidancin da ke ɗaki biyu na haya da 'ya'ya bakwai yana son ƙaninsa makaho, amma so ba ya cika tukunya. Kuma duk uwar mai nakasa da ka zauna da ita, in hira ta yi nisa, tambaya ɗaya za ta yi: "In na mutu wa zai riƙe shi?" Amsar da za ta kwantar mata da hankali ita ce ta ga ya fara riƙe kansa tun tana raye.

Batun cewa tunanin baƙi ne kuwa, Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne. Ladani ne a masallacin Manzon Allah (SAW), an kuma sha barin Madina a hannunsa idan aka fita yaƙi. Ba a kusurwa aka ajiye shi ana kai masa sadaka ba, amana aka ɗora masa.

"Su ne ba sa son barin bara"

A nan sai an yi gaskiya ta kowane ɓangare. E, akwai waɗanda bara ta zame wa sana'a. Akwai masu lafiya da ke fakewa da nakasassu suna ci da su, abin da dokar 2019 ta haramta ƙarara. Akwai wanda aka koya wa sana'a, aka ba shi keken ɗinki, ya sayar ya koma titi. Duk na sani.

Amma a tambayi dalili. A Yulin 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari a Zariya, gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta hana bara a titunan jihar. Mabarata suka fito zanga-zanga, abin da suka riƙa faɗa kuwa bai wuce a ba su madadi kafin a kore su ba. Shekaru sun shuɗe, wanda ya bi ta Kano Road yau zai gane wa idonsa ko hanin shi kaɗai ya isa.

Mabaraci yana da lissafi kamar kowa. Bara tana ba shi na cefane yau da yamma. Sana'ar da aka koya masa a wata uku tana buƙatar shago, da jari, da kuɗin mota, da mai saye, kuma yaransa ba za su jira wata shida kafin ciniki ya kankama ba. In ka ba mutum keken ɗinki ba ka ba shi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ranar da ɗansa ya kwanta zazzaɓi keken ne zai tafi kasuwa. Ni ma da ni ne haka zan yi.

Abin da ya tsayar da maƙwabcina da ƙafarsa ba takardar shaidar horo ba ce. Wani tela ne ya ajiye shi a shagonsa shekara huɗu, yana ba shi na abinci kullum, yana tura masa ƙananan ayyuka har mutane suka san hannunsa. Daga baya wata makarantar Islamiyya ta ba shi ɗinkin kayan ɗalibanta. Wannan cinikin na kowace shekara shi ya biya masa hayar shago, shi ya yi masa aure.

Gwamnati ita ce babbar mai saye a jihar nan. Tana sayen kayan makaranta, zannuwan gadon asibiti, kujerun aji, sabulu, tsintsiya. A ware wani kaso a ce daga ƙungiyoyin masu nakasa za a saya, matuƙar kayan sun cika ƙa'ida, a kuma biya su a kan lokaci. Kuɗin da ma za a kashe shi. Maimakon a gina sabuwar cibiyar horo, a biya teloli da masu gyaran waya da kafintocin unguwa wani ɗan abu su ɗauki almajiran sana'a a kusa da gidajensu.

Mu masu bayarwa ma da namu laifin. Mun fi son sadakar naira 50 a ƙofar masallaci ranar Juma'a, don tana da sauƙi, ba ta buƙatar ka san sunan mutum. Attajirin da ke raba zakkarsa dubu bibbiyu ga layin mutane, da zai tattara ta ya tsayar da mutum biyar da jari a bana, wasu biyar baɗi, da cikin 'yan shekaru wasunsu sun daina karɓa. Malamanmu sun san maganar bai wa matalauci abin da zai wadatar da shi tana nan a littattafan fiƙihu, ya kamata mu riƙa jin ta a kan mumbari. Hausawa sun gama magana da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Waɗanda ba za su iya sana'a ba fa?

Suna nan, kuma zalunci ne a yi kamar babu su. Yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai tsanani, wanda hatsarin mota ya karya wa laka tun daga wuya, tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye. Ga waɗanda harsashin 'yan bindiga ya nakasa a Birnin Gwari da Giwa da Kudancin Kaduna, manoma ne jiya, yau ba sa iya riƙe fartanya. Waɗannan gangare da kason aiki ba za su ishe su ba. Kuɗi suke buƙata, kuma a nan ba zan ce abin kyauta ne ba.

Sai dai ba abin da ya gagara ba ne. Jigawa ba ta fi Kaduna arziki ba, amma tun 2007, zamanin Sule Lamido, ta fara biyan nakasassu naira 7,000 duk wata. Ɗan kuɗi kaɗan da mutum ya tabbata zai shigo ƙarshen kowane wata ya fi buhun da bai san ranar zuwansa ba, domin da shi ake iya yin shiri, a ɗauki magani bashi a kemis, a shiga adashi. A fara da masu lalura mafi tsanani, kuɗin ya shiga asusun mutum kai tsaye ko na mai jinyarsa, a kuma sa su a inshorar lafiya ta jiha, wato KADCHMA. Wajen tantancewa a zauna da su kansu, da ƙungiyarsu ta JONAPWD, da sarakunan makafi da na guragu, da matan cikinsu waɗanda sau da yawa ba a gayyatarsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abin takaicin ma, cikin masu riƙe da sanda a titi akwai waɗanda yanar ido ce kawai ta rufe musu gani, aikin da ba ya ɗaukar awa guda. Ga Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a garin nan. Kuɗin aikin mutum ɗaya zai sallami mutum biyu, tsohon ya koma gona, jikan ya koma aji.

Da muka dawo daga bankin nan na lura da abin da na shekara ina gani ban gani ba. Masallacin unguwarmu matakala uku gare shi, kuma a waje maƙwabcina yake salla, a kan tabarma kusa da takalma, ko da ruwa ko da rana. Na kai maganar gaban kwamiti. Liman ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi ba mu taɓa lura ba." Aka yi karo-karo bayan sallar isha'i, aka sayi siminti buhu uku da yashi, wani magini a cikinmu ya ce ba zai karɓi ladan aiki ba. Juma'ar da ta wuce a sahu na biyu ya yi salla, wani tsoho mai ciwon gwiwa ma ta gangaren ya shigo.

Wurin alwala har yanzu ya yi masa tsawo, sai an ɗebo masa ruwa a buta. Na sa shi a cikin abin da za a tattauna a zaman kwamiti na wata mai zuwa, shi kuma ya ce wannan karon da kansa zai zo ya yi bayani.